Jule Charney, Farin Sahel da Laifin da Aka Ɗora wa Talaka

Duk wanda ya saba zuwa bikin dashen itatuwa a Arewa ko a Nijar ya san abin da za a faɗa tun kafin babban baƙo ya miƙe. Hamada na tahowa, kuma mu muka kira ta. Makiyayi ya saki dabbobi sun share ciyawa, mata sun ƙarar da itace wajen girki, manomi ya yi sassabe ya banka wuta, shi ya sa sama ta riƙe ruwanta. Akwai gaskiya a farkon maganar, don ana ɓarnar daji kam. Amma ƙarshenta, wato cewa ɓarnar talaka ce ta hana damina, magana ce da masana yanayi suka auna tun shekaru da dama suka ga ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. Wanda ya ba ta ƙarfi a ilmance kuwa mutum ne da ake girmamawa matuƙa, Jule Charney, Ba'amurke, wanda da wuya a nuna wanda ya fi shi tasiri a ilimin iska da teku a ƙarni na ashirin. Ya kamata mu san shi, saboda alherin da ilminsa ya yi mana, da kuma abin da aka yi mana da sunansa.

An haife shi a San Faransisko ranar 1 ga Janairu 1917, ya tashi a Los Angeles. Iyayensa Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga ƙasar Rasha, suna neman abinci a masana'antar ɗinkin tufafi. Lissafi ya karanta a jami'ar Kalifoniya, sai lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya koma sashen nazarin yanayi, inda ake horar da masu hasashe domin sojoji. Kundin digirinsa na uku, da aka buga a 1947, ya cinye fitowa guda ta mujallar masana yanayi ta Amurka. A ciki ya nuna da lissafi dalilin da ya sa iskar yamma mai ratsa ƙasashen sanyi ba ta iya tafiya miƙe: bambancin zafi tsakanin tsakiyar duniya da ƙuryar arewa yana sa ta lanƙwashe, daga lanƙwasar nan ne manyan hadura da guguwowinsu ke fitowa.

Aikin da ya fi ba ni sha'awa shi ne wanda ya biyo baya. Tun kafin Charney, wani Bature ɗan Ingila mai suna Lewis Fry Richardson ya riga ya yi tunanin cewa tunda iska tana bin ƙa'idojin lissafi, ai ana iya lissafa yanayin gobe daga na yau. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya yana tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya a Faransa, in ya sami sarari sai ya zauna da takarda da fensir yana lissafin yadda yanayin wani yanki na tsakiyar Turai zai sauya cikin awa shida. Amsar da ya samu ta ce nauyin iska zai ƙaru da milibar 145 a ma'aunin nauyin iska, abin da ba ya faruwa a duniyar nan. Ya buga aikin a 1922 tare da wannan amsa, bai ɓoye ta ba, aka kuma jingine shi fiye da shekara ashirin. Charney ne ya gano inda gizo ke saƙar. Ƙa'idojin da Richardson ya yi aiki da su sun tattaro kowane irin motsi na iska, har da ƙananan rawar da ke wucewa da gudu waɗanda ba su da ruwa da yanayin gobe, kuma su ne ke kumbura ɗan kuskuren awo ya zama babba. A 1948, yana birnin Oslo, ya fitar da hanyar tace ƙa'idojin, a zubar da abin da ba shi da amfani a bar manyan motsi masu tafiya a hankali.

A watan Maris 1950 shi da abokan aikinsa, ciki har da Ragnar Fjørtoft ɗan Norway, ƙarƙashin shirin da masanin lissafi John von Neumann ya kafa a Princeton ta Amurka, suka ɗauki wannan lissafi suka kai wa kwamfutar ENIAC a Aberdeen ta jihar Maryland. Na'ura ce mai nauyin tan kusan 30, mai ƙwayaye irin na tsohuwar rediyo kusan 18,000, kuma ba ta da wurin ajiye dogon lissafi. Sai ta yi kaɗan ta huda amsar a jikin katuna, mutane su kwashe, su jera, su sake cusa mata, dare da rana, fiye da wata guda. Hasashen awa 24 ya ci kusan awa 24 kafin ya fito. Amma ya fito, kuma ya yi kama da abin da ya faru. Charney ya aika wa Richardson sakamakon, dattijon ya gani da idonsa kafin rasuwarsa a 1953. Zuwa 1954 Suwidin ta fara hasashe da kwamfuta, Amurka ta bi a 1955. Duk wanda yau ya duba wayarsa ya ga za a yi ruwa jibi, ko matuƙin jirgin da ke jiran hazo ya washe a Kano, daga ɗakin nan aka faro masa.

Daga 1956 har rasuwarsa a 1981 yana koyarwa a MIT, shahararriyar jami'ar kimiyya da fasaha ta Amurka. Ya yi rubutu kan Gulf Stream, ƙaton kogin ruwan ɗumi da ke gudu a cikin Tekun Atlantika ta gaɓar Amurka. Ya yi kan yadda mahaukaciyar guguwar teku ke tasowa, tare da Arnt Eliassen. Yana cikin jagororin shirin duniya na binciken iska wanda ya haifi babban gwajin 1974, lokacin da jiragen ruwa kusan 40 da jiragen sama suka taru suna awon teku da sararin sama, hedkwatarsu a Dakar. Ɗalibansa irin su Joseph Pedlosky, James Holton, Inez Fung, Kerry Emanuel da Jagadish Shukla kowanne ya zama babban malami a fanninsa. Na jero waɗannan ne don a gane nauyin bakin da ya yi magana a kan ƙasarmu.

Daga 1968 damina ta fara ja da baya a Sahel, yankin da ke gefen kudancin Sahara, abin ya kai maƙura a 1972 da 1973. Dattawanmu ba sa bukatar a ba su labari. Shanu sun mutu a bakin rijiyoyi, Buzaye da Fulani sun kwararo garuruwan kudu da abin da ya saura musu, gyaɗar da ake tara dala da ita a Kano ta durƙushe, Tafkin Chadi ya rabu gida biyu. Duniya ta shiga tambayar me ya jawo haka. A laccar da ya gabatar a Ingila a 1974, wadda aka buga a 1975, Charney ya kawo amsa mai kyan tsari. Kowa ya san farar riga ta fi baƙa sanyi a rana, domin fari yana mayar da haske. Haka ƙasa take: fili mai ciyawa da itatuwa yana shan zafin rana, farin yashi kuwa yana mayar da shi sama. In an rasa ciyawa, ƙasa ta yi haske, zafin da ke shiga iskar wurin ya ragu, iskar ta riƙa sauka ƙasa maimakon ta tashi, hadari kuwa ba ya haɗuwa sai iska na tashi. Ruwa ya ragu, ciyawa ta ƙara mutuwa, ƙasa ta ƙara haske. Ya kuma ambaci yawan kiwo a matsayin abin da zai iya kunna wannan zagaye. Da shi da abokansa suka gwada a kwamfuta, suka ɗaga hasken da ƙasa ke mayarwa daga kashi 14 zuwa kashi 35 cikin ɗari, sai ruwan daminar Sahel ya ragu da kusan kashi 40.

A matsayin ilimi, wannan aiki ne babba. Kafin shi an fi ɗauka cewa yanayi ne ke tsara wa tsirrai rayuwa. Shi ya sa masana suka fara lissafa cewa tsirrai ma suna taɓa yanayi, kuma yau babu na'urar hasashe mai daraja da ba ta da wannan a cikinta. Ya kuma gabatar da maganar a matsayin hasashen da ke jiran gwaji. Lambobin nan biyu, 14 da 35, shi ya zaɓe su domin ya ga abin da zai faru, ba wai an auna haka a Damagaram ko Daura ba.

Amma jami'in gwamnati da ma'aikacin hukumar ba da agaji ba sa karanta sharuɗɗan da ke cikin takardar masani. Abin da ya iso kunnensu shi ne, babban malamin MIT ya ce kiwo ke kawo fari. Maganar ta faɗa kan ƙasa mai laima, domin zargin tsoho ne. Tun a shekarun 1930 wani masanin daji ɗan Birtaniya, E. P. Stebbing, ya ratsa ƙasar nan ya koma yana shelar cewa Sahara na cinye Arewa saboda noma da kiwon mutanenta. Aka kafa kwamitin haɗin gwiwa na Ingila da Faransa a 1936 da 1937, suka bi iyakar Najeriya da Nijar, suka dawo suka ce ba su ga hamadar da ke tafiya ba. Wannan rahoto an manta da shi, zargin ya rayu. A 1975 kuma wani bincike a Sudan ya ce hamada na gaba da kilomita biyar da rabi kowace shekara, aka ɗauki lambar aka yi ta yawo da ita. Da aka zo taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan kwararowar hamada a Nairobi a 1977, ra'ayin da ya rinjaya shi ne cewa mutanen yankin ne ummul haba'isin abin da ya same su.

Wannan shi ne abin da ke ci mini rai. Mutumin da ya rasa garkensa ya koma bara a Yamai, aka kuma ce masa shi ya jawo. Shirye-shirye suka biyo baya na rage dabbobi, na zaunar da makiyaya wuri guda, na killace daji, na tarar manomin da ya sare reshe a gonarsa. Ba Charney ya ƙirƙiro waɗannan ba, da yawansu gādon dokokin Turawan mulki ne, amma sunansa ya sa suka yi kama da umarnin kimiyya. Alhali ko a tarihinmu akwai abin da ya isa ya sa a yi taka-tsantsan. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta zo ne lokacin da jama'a da dabbobi ba su kai kusa da yawan na 1973 ba. Sannan farin shekarun 1970 ya kama daga Senegal har Habasha a lokaci guda. Wane irin kiwo ne zai haɗa baki a faɗin nahiya haka?

Amsar ta fito daga teku, fagen da shi kansa Charney ya yi aiki a kai. A 1978 Peter Lamb ya nuna cewa shekarun fari a Sahel suna tafiya tare da wani yanayi na zafin ruwan Atlantika. A 1986 Chris Folland da Tim Palmer da David Parker na hukumar yanayi ta Birtaniya suka faɗaɗa abin: in tekunan kudancin duniya sun yi ɗumi fiye da na arewa, layin ruwan sama ba ya hawa arewa sosai, Sahel ta sha ƙishi. A 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka yi gwajin da ya fi gamsar da ni. Suka ba kwamfuta zafin saman tekunan duniya na shekara da shekaru kamar yadda aka auna, ba su gaya mata komai game da sare itace ko kiwo ba, ita kuma ta fitar da daminar albarka ta shekarun 1950 da farin 1970 da 1980. Taurarin ɗan'adam ma suka ba da tasu shaidar. Hasken ƙasar Sahel bai sauya kamar yadda aka saka a gwajin 1975 ba, kuma binciken Compton Tucker na 1991 ya nuna gefen Sahara yana matsowa kudu a shekarar fari ya koma arewa in ruwa ya dawo.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ɗaci. Bincike da dama tun daga farkon shekarun 2000 sun nuna cewa hayaƙin farar wuta da masana'antu da tashoshin lantarki na Turai da Amurka suka riƙa fitarwa bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya taimaka wajen sanyaya tekunan arewa, wato yana cikin abin da ya tura damina kudu. Masana na muhawara kan ko kason hayaƙin ne ya fi yawa ko kuwa jujjuyawar teku ta ɗabi'a, amma ko ta wace fuska aka duba, akuyar Bafulatani ba ita ce kan gaba a jerin masu laifi ba.

Masu bin ƙasa da ƙafa sun riga sun ga haka. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano ya kuma shafe shekaru yana bibiyar ƙauyukan Arewa, ya nuna cewa karkarar Kano mai cunkoson jama'a ba ta zama hamada ba. Manoma suna kai taki, suna barin kuka da ɗorawa da gawo a gonaki saboda sun san amfaninsu. A Maraɗi da Damagaram kuwa, tun daga tsakiyar shekarun 1980, aka ga abin da ake kira sassaben zamani. Manomi ya je gona kafin damina ya tarar da kututture ya yi toho, maimakon ya share shi kaf sai ya zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi ya bari, ya datse sauran, shekara mai zuwa ya dawo ya gyara. Saiwar tana nan da ranta a ƙarƙashin ƙasa, don haka itacen ke tashi da sauri fiye da na dashe. Da ma'aikatan gandun daji suka sassauta, manomi ya tabbata itacen gonarsa nasa ne, abin ya bazu. Ƙiyasin masu bincike ya kai hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200. Mutanen da aka ce su ke kiran hamada su suka yi wannan, da gatari da lauje.

Wani zai ce to ashe sare daji ba laifi ba ne. Laifi ne babba. Wanda ya ga tirelolin gawayi suna fita daga dazuzzukanmu ya san ana yi wa ƙasa illa: zaizaya, rairayi na binne gonaki a Yusufari da Mainé-Soroa, ƙasa na rasa ƙarfi. Kuma zagayen da Charney ya bayyana yana nan, sai dai matsayinsa na mai ƙara wa fari tsanani da tsawo ne bayan teku ya riga ya fara shi. Bambancin yana da muhimmanci ƙwarai ga wanda zai tsara manufa. In ka yarda kiwo ke hana ruwa, za ka kori makiyayi ka jira damina. In ka san ruwan yana bin abin da ke faruwa a Atlantika da Tekun Indiya da Fasifik, za ka tanadi hatsi, ka nemi iri mai saurin nuna, ka bar burtali a buɗe domin garke ya bi ruwa inda ya sauka, tunda yawon nan shi ne dabarar da ta dace da ƙasar da daminarta ba ta da tabbas.

Ban ga dalilin jifan Charney ba, kuma ina da hujja daga aikinsa na ƙarshe. A 1981, shekarar da ya rasu, shi da ɗalibinsa Shukla ɗan Indiya suka buga wani nazari da ke cewa daminar ƙasashe masu zafi tana bin abubuwan da ke sauyawa a hankali, musamman zafin saman teku da laimar ƙasa, don haka ana iya hango ta watanni kafin ta zo, ko da ba a iya faɗin ranar da za a yi ruwa ba. A kan irin wannan tunani aka gina hasashen damina da hukumar yanayi ta Najeriya, NiMet, ke fitarwa a farkon kowace shekara, da wanda masanan Afirka ta Yamma ke haɗuwa su fitar tun 1998 tare da cibiyoyin nazarin yanayi na AGRHYMET da ACMAD da ke Yamai. Mutumin da ya kawo hasashen cewa rashin ciyawa ke hana damina yana cikin waɗanda suka buɗe hanyar gyara shi. Kuma inda hujja ta taru, bai yi ƙwauron baki ba. A 1979 ya jagoranci kwamitin masana a garin Woods Hole na Amurka da aka tambaya me zai faru in iskar kabon ta ninka a sararin sama. Suka dubi lissafin Syukuro Manabe da na James Hansen, suka ce duniya za ta ƙara zafi da kusan digiri 3 a ma'aunin Salsiyas, da yiwuwar ƙari ko ragin digiri ɗaya da rabi. A 2021, bayan shekara arba'in da biyu na bincike, kwamitin sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya sake tsayawa a kan digiri 3. Abin takaici, maganarsa da ke ɗora nauyi kan talakan Sahel an karɓe ta nan take ba tare da jiran gwaji ba, wadda ke ɗora nauyi kan masu manyan masana'antu kuwa an shekara da shekaru ana cewa a ƙara bincike.

Abin da ya sa hasashe ɗaya ya yi mana wannan tasiri shi ne ba mu da isassun mutanenmu a wurin da ake muhawarar. A 1975 wa zai tashi daga Sakkwato ko Tawa da lissafinsa a hannu ya ce wa malamin MIT lambar nan ta 35 ba ta yi daidai da ƙasarmu ba? Yau ba mu da wannan uzuri, kuma bukatar ta fi ta da. Ruwa ya dawo tun shekarun 1990, amma da wata irin ɗabi'a: binciken Christopher Taylor da abokansa na 2017 ya nuna manyan hadura masu zubar da ruwa da ƙarfi sun ninka sau uku a Sahel tun daga 1982. Yamai ta ga ambaliya a 2020, Maiduguri ta gani a 2024. Na'urorin hasashe na duniya kuma har yanzu ba su daidaita ba kan yadda daminar yankin za ta kasance nan da shekara hamsin, musamman tsakanin yammacinsa da tsakiyarsa.

Don haka nake ganin gwamnonin Arewa da hukumomin Nijar su ware guraben karatu musamman ga yaran da suka iya lissafi da fiziya su karanci iska da teku har digiri na uku, a kuma tanadar musu kwamfuta da albashin da zai riƙe su a gida. A sa ma'aunin ruwan sama a kowace sakandare ta karkara, a ɗora wa malami guda alhakin karantawa kowace safiya ya aika ta waya. Littattafan awon ruwa na Kano da Yamai da Damagaram sun faro tun farkon ƙarni na ashirin, akwai kuma na ƙananan tashoshi da ofisoshin gona da ke jibge a ɗakunan ajiya. A kwafe su cikin kwamfuta a sake wa ɗalibai kyauta. Hasashen damina kuma a riƙa karanta shi da Hausa da Fulatanci da Kanuri a gidajen rediyo tun watan Afrilu, a faɗi ranar da ake sa ran ruwa zai zauna a kowace ƙaramar hukuma, a kuma faɗi iyakar tabbacin da ake da shi, kafin manomi ya fitar da irinsa.